Hoton Fuskar Kwamfuta Da Alamominta: A Auna Kafin A Zana, A Kula Wajen Turawa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana a kan abin da duk mai kwamfuta ke fara tozali da shi idan ya kunna ta, wato hoton da ke shimfiɗe a fuskarta da 'yan alamomin da ake dannawa a buɗe folda ko manhaja. Wanda ya zagaya shagunan buga takardu na wajen Wunti, ko ya leƙa kwamfutocin ɗalibai a Yalwa da Gubi, abu biyu zai fi gani: ko dai hoton da Windows ta zo da shi, ko kuma hoton waya da aka ja da ƙarfi har fuskar mutum ta yi faɗi, launi ya dusashe. Ba masu zane muka rasa a Bauchi ba, masu haɗa katin biki da fastoci sun isa shaida. Wuri biyu ake faɗuwa. Ba a auna allo kafin a zana, kuma in an dace an zana mai kyau, sai a lalata shi wajen turawa.

Allon kwamfuta da ɗigo-ɗigo ake auna shi, wato fiksel. A Windows 10 ko 11, a danna ɓangaren dama na maus a inda babu komai a fuskar kwamfuta, a zaɓi Display settings, a duba lambar da ke ƙarƙashin Display resolution. Da yawa daga laftof na hannu da ake sayarwa a nan, HP da Dell da Lenovo masu inci 14 ko 15.6, awonsu 1366 × 768 ne. Sababbi sun fi zuwa da 1920 × 1080. Tsofaffin allunan tebur masu kama da murabba'i kuwa 1280 × 1024 ne ko 1024 × 768. Biyun farko fasalinsu ɗaya, 16:9, na uku 5:4, na huɗu 4:3. Hoto mai awon 1366 × 768 fiksel miliyan ɗaya da ɗan ɗoriya ne a cikinsa, allo mai 1920 × 1080 kuwa yana buƙatar sama da miliyan biyu. In aka ɗora na farko a kan na biyu, rabin ɗigon da ake gani kwamfuta ce ta ƙirƙire shi da kintace, shi ya sa hoton ke yin dishi-dishi. Saboda haka a babba ake zanawa a rage, ba a ɗauko ƙarami a ƙara. Mai zane ya buɗe aikinsa a 3840 × 2160, ya adana asalin, sannan ya fitar da kwafi a 1920 × 1080 da 1366 × 768. Wasu kan rubuta 300 a gurbin DPI, wato yawan ɗigo a kowane inci, su ɗauka an gama. Wannan lissafin na injin buga takarda ne, allo ba ya duba shi. Yawan fiksel kaɗai yake ƙirgawa.

A Settings, ƙarƙashin Personalization, sannan Background, akwai zaɓi shida na yadda hoto zai zauna. Stretch ne ke jan hoto ya cika allo ko fasalinsu bai zo ɗaya ba, shi ne mai faɗaɗa fuskokin mutane, kuma ba mu ga ranarsa ba. Fill yana cika allo ba tare da ya karkata komai ba, amma yana yanke abin da ya yi saura. Hoton kyamara mai fasalin 4:3 yana rasa kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa a allon 16:9, daga sama da kuma ƙasa, inda kawuna da ƙafafu suke. Hoton da aka ɗauka da waya a tsaye, misali 1080 × 1920, ko kashi ɗaya cikin uku nasa ba zai fito ba. Fit yana nuna hoton duka, ya bar fili a gefe biyu, kuma ana iya zaɓa wa filin launin da ya dace da hoton. Tile na ƙananan zane ne da ake jerawa, Span na mai allo biyu, Center kuwa yana ajiye hoton a tsakiya yadda yake. Wanda ya yanke hotonsa daidai da awon allonsa tun farko, duk wannan bai dame shi ba.

Shahararren hoton nan na Windows XP, tudu kore da shuɗin sama, wani mai ɗaukar hoto, Charles O'Rear, ya ɗauke shi a yankin Sonoma na jihar Kalifoniya a Amurka, ya kuma fito tare da XP a 2001. Abin da ya sa ya zauna daram a fuskar kwamfuta shi ne babu hayaniya a cikinsa: launi biyu, fili mai yawa, alamomi na zama a kai ana ganinsu. Irin wannan filin muna da shi har ya yi yawa. Ga ruwan Wikki a Yankari, garau har ana ganin yashin ƙasa, ga duwatsun Dass, ga raƙuman dawa a Sumu, ga madatsar ruwa ta Gubi, ga ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Bauchi, ga hubbaren Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. A maƙwabciyarmu Gombe ga Dadin Kowa da tsaunukan Tula. Sai dai lokaci yana da muhimmanci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yana cinye duk abin da ke nesa, sama ta koma fara fat, kuma farar sama ita ce babbar abokiyar gābar sunayen alamomi, tunda Windows da farin rubutu take rubuta su. Mai son kore da gajimare ya fita tsakanin Agusta da Oktoba. Mai son dabbobin Yankari ya jira rani, lokacin da ciyawa ta kwanta suke taruwa a bakin kogin Gaji. A ɗauka da sassafe ko bayan la'asar, a kwantar da wayar, a goge gilashin kyamarar, kuma kada a jawo hoto da yatsu, domin a yawancin wayoyi wannan yanke hoton yake yi ya hura shi. Kyamara mai megafiksel 12 tana ba da 4000 × 3000, wanda in an yanke shi zuwa 16:9 ya koma 4000 × 2250. Wannan ya ishi ko da allon 3840 × 2160, don haka ba sai an nemi waya mai tsada ba.

Wajen tsara hoton a tuna cewa Windows daga saman hagu take fara jera alamomi ta gangaro ƙasa. A bar kashi ɗaya cikin huɗu na hagu ba tarkace, a tura giwar ko ƙofar ko mahayin dokin zuwa dama. Layin ƙasa inda agogo yake yana rufe fiksel 40 a Windows 10, 48 a Windows 11, kuma ya fi haka in an ƙara girman rubutun allo, saboda haka duk abin da aka rubuta a can gindin hoto ɓuya zai yi. In gefen hagu ya yi haske da yawa, a ɗora sabuwar leya a manhajar zane, wato shimfiɗa a kan hoton, a zuba baƙin launi da ke dusashewa daga hagu zuwa tsakiya, a rage ƙarfinsa zuwa kashi 30 ko 40 cikin ɗari. Wani lokaci irin wannan dusashewar kan fito layi-layi a allo mai araha. Maganinsa a barbaɗa ɗan ƙwayar yashi da abin da manhajojin zane ke kira Noise, kashi 1 ko 2 cikin ɗari ya isa.

Masu aiki da CorelDRAW, su ne mafi yawa a shagunanmu, su kula da launi. Sun saba buɗe aiki a tsarin launi na CMYK saboda na'urar buga takarda, allo kuwa da RGB yake aiki. Shuɗi da kore masu haske suna mutuwa a CMYK, kuma in sun mutu, mayar da fayil ɗin RGB daga baya ba ya tashe su. Tun wajen buɗe sabon shafi a zaɓi RGB, a sa ma'auni a fiksel. Hoton kyamara a fitar da shi JPEG a inganci 90 cikin ɗari, galibi ba zai kai megabait 1 ba a awon 1920 × 1080. Zane mai rubutu da launi shimfiɗaɗɗe a fitar da shi PNG, domin JPEG yana barin datti a gefen haruffa, musamman ja a kan baƙi. Ita kanta Windows in aka ba ta JPEG takan sake matse shi zuwa inganci 85 kafin ta shimfiɗa. Kuma duk lokacin da aka buɗe JPEG aka gyara aka sake adanawa, sai ya ƙara raguwa, don haka gyara a kan asalin aikin ake yi, ba a kan kwafin da aka fitar ba.

Rubutun Hausa a kan hoto yana da tasa rigimar. Yawancin salon haruffa masu ado da ake saukewa ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Ko dai akwati ya fito a gurbinsu, ko manhaja ta aro harafin daga wani salon ya tsaya daban a tsakiyar kalma. Sai mai zane ya gaji ya rubuta ba ƙugiya, ƙasa ta koma kasa. Kafin a zaɓi salo a gwada shi da manya da ƙananan haruffan nan duka. Andika da Charis SIL da Noto Sans suna da su, kuma kyauta ne. Na ajami akwai Alkalami, wanda aka yi a kan salon rubutun hannu na Kano, da Harmattan. In manhaja ba a kunna mata rubutun dama zuwa hagu ba, haruffan Larabci za su fito a warwatse kuma a juye, wanda bai iya karantawa ba kuwa ba zai gane ba. A nan muna da ra'ayi, ko da wasu ba za su so ba: aya ko sunan Allah ba su dace da fuskar kwamfutar da ake zube fayil a kai ba, tunda alamomi za su hau kan rubutun, har da kwandon shara. Mai so ya sa a allon kulle, wato wanda ke fitowa kafin a shiga kwamfutar, inda alamomi ba sa hawa kai, kuma ya kai wa malami ya duba wasali da ɗigo kafin ya raba wa jama'a.

Alama ta fi hoton fuska wuyar yi nesa ba kusa ba, domin a ƙanƙanin wuri ake so ta yi magana. Susan Kare, wadda ta zana alamomin kwamfutar Macintosh ta 1984, a cikin gida 32 × 32 ta yi su, baƙi da fari kawai, kuma a takarda mai layukan murabba'i ta fara. Yau akwai launi da inuwa, amma matsalar tana nan. A fuskar Windows matsakaiciyar alama 48 × 48 ce, a layin ƙasa 24 × 24, a jerin fayil kuwa 16 × 16. Fayil ɗin alama na Windows, mai ƙarewa da .ico, ba hoto ɗaya ba ne. Kamar jeren kwanukan samira yake, ƙarami cikin babba, kwamfuta na ɗaukar wanda ya yi daidai da wurin. Mafi ƙaranci a sa 16 da 24 da 32 da 48 da 256. Na 256 ya shigo ne da Windows Vista, kuma in babu shi, duk sa'ad da aka ƙara girman alamomi sai taka ta tsaya 'yar mitsitsiya a tsakiyar fili. In kuma 256 kaɗai aka sa, kwamfuta za ta matse shi da kanta zuwa 16 ya zama ɗan tabo.

Lissafin da ya kamata mai zana alama ya riƙe shi ne 256 ya ninka 16 sau 16. Layin da kaurinsa bai kai fiksel 16 ba a babban zane, ko fiksel ɗaya ba zai cika ba a ƙaramin, sai ya koma toka-toka ko ya ɓace. Saboda haka a zana da kaurin layi, launi biyu ko uku, babu rubutu a ciki, a bar tazarar fiksel 12 zuwa 16 a gefuna. Na 32 da na 16 ba a barin manhaja ta rage su ita kaɗai. A rage, sannan a hura hoton a allo har ana ganin kowane ɗigo, a goge ado, a daidaita layuka su hau kan gidajen fiksel sosai. Dagin Arewa misali ne mai kyau: a 256 ana ganin yadda igiyoyinsa ke hawa kan juna, a 16 kuwa dole a bar saƙar a riƙe siffar waje kawai.

Kayanmu na gida sun dace da wannan aiki, domin siffarsu a fili take ko daga nesa. Allon karatu da kansa mai lanƙwasa ya dace da foldar takardun makaranta. Rumbu ya dace da ma'ajiyar kwamfuta, kalangu da foldar sauti, adaka da takardun sirri, faifai ko ƙwarya da hotuna, zankwayen soro da foldar gida. Kwandon shara yana buƙatar zane biyu, fanko da cikakke, tunda Windows tana sauya su. Amma a yi hattara da son ado. In aka sauya alamar Word ko Chrome da abin da ba wanda ya sani, an wahalar da duk mai zama gaban kwamfutar, musamman a shagon da mutane da yawa ke amfani da ita. Folda ce wurin wannan fasaha, inda dukkansu ruwan ɗorawa ne iri ɗaya kuma ido na shan wahalar rarrabewa. Kuma jerin alamomi su zama 'yan gida ɗaya: kaurin layi ɗaya, haske daga gefe ɗaya, girma ɗaya. Kada bambancin biyu ya zama ja da kore kawai, akwai masu matsalar gani da ba sa rarrabe su.

Ga yadda ake haɗawa da manhajojin kyauta. A zana a Inkscape, ko a CorelDRAW ga wanda ya saba, a fitar da PNG biyar a awon da muka ambata, kowanne bayansa fayau ba launi. JPEG ba ya riƙe fayau ɗin baya, shi ya sa ake ganin alama zaune cikin farin akwati. A buɗe na 256 a GIMP, a shiga File, a zaɓi Open as Layers a ɗauko sauran huɗun, kowanne zai zama leya da awonsa. Sai Export As, a rubuta suna mai ƙarewa da .ico. A akwatin da zai fito, kowace leya a zaɓa mata 32 bpp mai alpha, wato mai riƙe fayau ɗin baya, na 256 kuma a yi masa alamar matsewa ta PNG, domin in ba a matse ba shi kaɗai kilobait 256 ne. Sauya sunan fayil daga .png zuwa .ico da hannu ba ya mayar da shi alama, Windows za ta ƙi shi ko ta nuna fanko. Shafukan intanet masu juya hoto zuwa .ico suna aiki, amma wasunsu awo ɗaya kawai suke sawa, kuma tambarin kamfani ko na makaranta da aka ɗora musu ya fita daga hannu. Kafin a ce an gama, a gwada alamar a kan hoto mai duhu da mai haske, a riƙe Ctrl ana murza tayar maus a fuskar kwamfuta a ga yadda take a kowane girma.

Ɗorawa ba wuya. A folda, a danna mata dama, Properties, Customize, Change Icon. A shotkot, wato alama mai 'yar kibiya da ke kai mutum ga manhaja ko fayil, Properties, sannan Change Icon. This PC da kwandon shara kuwa suna Settings, Personalization, Themes, Desktop icon settings. Inda mutane ke mamaki shi ne bayan kwana biyu alamar ta ɓace. Dalili shi ne Windows ba ta kwafe alamar, adireshin inda take kawai take rubutawa a wani ɓoyayyen fayil mai suna desktop.ini a cikin foldar. In alamar tana Downloads aka share, ko tana filas da yau sunansa E gobe F, adireshin ya mutu. A buɗe folda ɗaya ta dindindin, misali C:\Alamomi, a zuba su duka, kada a sake motsa ta. Mai son folda ta yi tafiya da alamarta a filas, ya sa fayil ɗin .ico a cikin foldar, ya buɗe desktop.ini da Notepad, ya gyara layin IconResource ya zama sunan fayil ɗin kaɗai ba adireshi, kamar IconResource=allo.ico,0. Windows ba ta karanta desktop.ini sai foldar tana ɗauke da tambarin Read-only ko System, wanda ake sawa da umarnin attrib +r da sunan foldar. In an gyara zane amma tsohon ke ta fitowa, Windows ce ta ajiye kwafinsa don sauri. A danna maɓallin Windows da R, a rubuta ie4uinit.exe -show, ko mafi sauƙi a ba sabon zanen sabon suna a sake ɗorawa. Manhajojin da ke alƙawarin sauya duk alamomin Windows a danna ɗaya, wasunsu fayilolin tsarin kwamfuta irin su imageres.dll suke taɓawa. Sabuntawa ɗaya kan rushe aikin, wani lokaci har da fuskar kwamfutar gaba ɗaya. Ba ma ba da shawararsu.

Sai turawa, inda aikin mako guda kan lalace cikin daƙiƙa. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto ana rage shi, dogon gefensa ya koma wajen fiksel 1600, a kuma matse shi. Zaɓin HD da aka ƙara a 2023 ya rage ɓarnar amma bai hana matsewa ba. A tura shi a matsayin Document, a Telegram kuma a matsayin File, shi ne zai isa yadda ya tashi. Facebook ma yana matsewa, don haka wurin talla ne: a sa samfuri a can, a ba da hanyar sauke asalin daga Google Drive ko makamancinsa. Ɗaukar hoton allo don a adana hoto shi ne mafi muni, awon wayar kawai za a samu. Xender da Bluetooth da filas ba sa taɓa fayil. Jerin alamomi a ɗaure su a fayil ɗaya na ZIP, tare da hoto ɗaya mai nuna su duka da ɗan rubutu mai faɗin wanda ya zana da sharaɗin amfani. A sa awo a cikin suna, kamar wikki-1920x1080.jpg, don mai ƙarancin data ya ɗauki wanda ya dace da shi kawai. A sunan fayil dai kada a sa haruffa masu ƙugiya, tsofaffin manhajojin ZIP kan dagula su.

Windows tana da hanyar ɗaure hotuna da launi wuri guda: a Themes a adana tsarin da aka yi, a danna masa dama, a zaɓi Save theme for sharing, zai ba da fayil mai ƙarewa da .deskthemepack. Yana da daɗi, amma ba a karɓarsa daga wanda ba a sani ba. A 2023 Microsoft ta toshe wata kafa da ake iya shiga kwamfuta ta irin waɗannan fayiloli, kuma kwamfutoci da yawa a nan ba sa samun sabuntawa. Hoto tsura ya fi aminci.

Masu bairos ma sun san amfanin alama, kuma sun fi kowa iya ta. Tsohuwar dabararsu ita ce su sa wa manhajarsu alamar folda ko ta hoto, mutum ya danna da hannunsa. A File Explorer a shiga View a kunna File name extensions, a riƙa ganin ƙarshen kowane suna. Hoton fuska .jpg ne ko .png, alama .ico ce. Duk abin da aka ce hoto ne amma ya ƙare da .exe ko .scr ko .vbs ko .bat, a share shi, domin .scr ma manhaja ce mai gudana. Akwai masu cire 'yar kibiyar da ke gindin alamar shotkot don kwalliya. Kada a yi. Bairos ɗin filas da ya addabi shagunan buga takardu ɓoye foldojin gaskiya yake yi ya jera shotkot masu kama da su, kuma wannan kibiyar ce ke tona shi. Bayan an kashe shi da manhajar kariya, umarnin attrib -h -r -s /s /d E:\*.* yana dawo da foldojin, in E ne harafin filas ɗin. Sai dai yana cire tambarin Read-only ɗin da muka ambata, don haka alamomin da aka sa wa foldojin za su ɓace sai an mayar musu da shi.

Hoton da aka gani a Google yana da mai shi. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare hoto da zane, kuma goge sunan mai ɗauka a liƙa na shago ba ƙwarewa ba ce. Mai neman na halal ya duba Wikimedia Commons, inda kowane hoto ke ɗauke da sharaɗinsa. CC0 na nufin a yi yadda ake so, CC BY a ambaci mai shi, CC BY-SA a ambace shi kuma abin da aka gina a kai a sake shi da sharaɗi iri ɗaya. Mai zane ma ya zaɓi ɗaya ya rubuta, ya sa sunansa ƙarami a dama, sama da layin agogo. Lambar waya ɓaro-ɓaro a tsakiyar hoto ba wanda zai zauna da ita a gabansa kullum. Hoton hawan Sallah da ya kama fuskar mutum kusa, musamman mata da yara, sai da izini. Waya kuma kan rubuta wurin da aka ɗauki hoto a cikin fayil ɗin. A danna masa dama, Properties, Details, Remove Properties and Personal Information kafin a saki hoton da aka ɗauka a gida.

Da yanayin wutarmu, hoton fuska mai motsi cin batir ne kawai, balle a kwamfuta mai RAM gigabait 4. Baƙin hoto kuwa ba ya ajiye batir a allon LCD, wanda shi ne a yawancin laftof ɗinmu, domin fitilar bayansa a kunne take ko me aka nuna. A allon OLED ne kawai yake taimakawa. In Personalization ya ƙi taɓuwa, ko dai Windows ɗin ba a yi mata rajista ba, ko kuma mai kula da kwamfutocin ofis ne ya kulle da gangan, kuma na biyun ba a yi masa dabara.

Malam Edita, masu ɗaukar hoton jaridu suna da taskar da ba kowa ke da ita ba: kasuwanni, hawan Sallah, gonaki, duwatsu. Muna roƙon a riƙa zaɓo ɗaya lokaci-lokaci daga waɗanda jaridar ke da haƙƙinsu, wanda aka ɗauka a kwance kuma gefen hagunsa ba hayaniya, a sake shi a awon 1920 × 1080 da 1366 × 768, kowanne ƙasa da megabait 1, da sunan mai ɗauka da sharaɗin amfani a rubuce.

Wassalam.

Daga wasu masu koyar da zane a kwamfuta, Bauchi.